Kwabban da Ke Rufin Sito

Ruwan farko na shekarar ya sauko da iska ranar Talata da la'asar, kafin gari ya waye ya taɓa irin shukar gida tamanin. Fallen kwano goma sha ɗaya suka tashi daga rufin siton ƙungiyar manoma, ruwa ya yi ta zuba a kan buhunan iri har suka kumbura, wasu suka fashe. Da aka buɗe ƙofa da safe, warin jiƙaƙƙen hatsi ne ya fara tarbar mutane.

Da iska ce kaɗai, da an ce ƙaddara an yi haƙuri. Amma wani ya ɗaga fallen da ya faɗa bayan sito, ya ga babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, ramukan kuma lafiyarsu lau. Iska in ta fizge kwano yaga shi take yi. Wannan kuwa zare ƙusoshin aka yi, ɗaya bayan ɗaya.

Nan take kowa ya san mai laifi. Mako uku da suka wuce ƙungiya ta sallami maigadinta, wai an kama shi yana barci a bakin aiki, kuma ranar da zai tafi ya tsaya a ƙofa ya ce, "Za ku neme ni." To, an neme shi. Kafin hantsi yana bayan kanta a ofishin 'yan sanda.

Matarsa ce ta je gidan Duƙau.

Duƙau ya yi shekara talatin yana aikin gandun daji, yana bin sawun ɓarayin katako da na dabbobi, har tafiya kai a ƙasa ta zame masa jiki. Daga nan ya samo sunan. Mutane kan ce in ka gaishe shi, takalminka yake fara amsa wa. Ya yi ritaya, amma in abu ya ɓata a unguwa ƙofarsa ake bugawa kafin ta hukuma.

"Baba, mijin nan nawa ko kujera ya taka jiri yake gani," in ji matar. "Ni nake hawa in canja mana ƙwan fitila. Ta ina zai hau rufin sito?"

"Ya faɗi maganar da aka ce ya faɗa?"

"Ya faɗa. Baki gare shi, amma ba shi da hannu."

Duƙau ya jawo takalmansa. "Ba zan ce miki bai yi ba tun ban gani ba. Zan je in duba. Abin da na gani shi zan faɗa, ko ya yi miki daɗi ko bai yi ba."

*

Shugaban ƙungiya mutum ne mai jiki, kuma da ganin idonsa ka san bai so a tsawaita magana ba.

"Ka makara, Malam. Ruwa ya wanke komai, kuma mai laifi yana hannu."

"Ranka ya daɗe, in shi ne, dubawata ba za ta fito da shi ba. Mutum nawa ke da makullin nan?"

"Ni da mai awo. Amma rufi a waje yake, ba ya buƙatar makulli."

Duƙau bai yi musu ba. Ya zagaya ginin sau biyu a hankali. Indararon da ya kewaye rufin ya tsufa, tsatsa ta cinye shi har in ka danna da yatsa sai ya lotsa, amma bai ga inda aka jingina masa tsani ba. Ya tsuguna wajen fallen da ya faɗo. Kowane ramin ƙusa yana tsakiyar wani zagaye fari tas, alamar wani abu ya daɗe zaune a wurin yana kare shi daga rana da ruwa. Ya bi inda ruwan indararo ke zuba, ya tona taɓon da ɗan kara, sai ga wani baƙin ƙarfe mai huji a tsakiya. Ya goge shi a gefen riga. Kwabo ne, irin wanda ya rabu da gani tun yana saurayi. Ya ɗora shi a kan zagayen, ya zauna daram.

A ciki ya tarar da mai awo zaune kusa da sikeli, ya buɗe akwatinsa yana goge ƙarafan awo da tsumma. Mijin ƙanwar Duƙau ne, shekara ashirin da biyu suna tare, kuma duk garin ba a taɓa jin an ce ya tauye wa wani awo ba.

"Yaya, har kai aka taso?"

"An taso ni. Su ma sun sha ruwa?"

"Allah ya tsare, akwatin a kulle yake. Danshi kawai nake gudu. Ka san ni da ƙarafan nan, ko ƙanwarka ba ta taɓa su, balle wani. Makullin a wuyana yake kwana." Ya jera su daga babba zuwa ƙarami, kowanne mai kusurwa shida. Sannan ya rage murya. "Yaya, in ka bi ta tawa, ka leƙa wajen ɗan gidan tsohon kafinta. An gan shi da tsani ranar Lahadi. In rufi ya tashi, wa za a kira gyara?"

"Wa ya kama maigadi yana barci?"

"Ni ne. Ban so in faɗa ba, amma amana ce."

*

Tsohon kafintan da ya rufa siton idonsa ya yi rauni, yana zaune a ƙofar shagon da ɗansa ya gada. Duƙau ya sa masa kwabon a tafin hannu. Tsohon ya shafa shi, ya sa ɗan yatsa a hujin, ya yi dariya har da tari.

"Ina ka samo hular ƙusata?"

"Ba ni labari, Baba."

"Shekarar da muka samu 'yancin kai aka buga su, kuɗinmu na farko, ba hoton kowa a jiki. Ranar da suka fito mutane lallaɓa su suke yi a hannu kamar ƙwai. Bayan shekara goma sha biyu ko ashana ba sa saye. A lokacin aka ba ni aikin rufin nan, ƙusa mai hula ta yi wuya a kasuwa, in ka samu hular kaɗai kwabo uku ce. Na ce yau ga hauka, in ba da kwabo uku in sayi ƙarfe mai huji, alhali kwabon kansa ƙarfe ne mai huji? Na je banki na canjo su cike da gwangwani biyu. Shekara nawa yau, rufin nan bai taɓa ɗiga ba."

"Wa ya san wannan labari?"

"Wa bai sani ba? Tsoho ne ni, labari ɗaya nake da shi." Ya miƙa wa Duƙau kwabon. "Wata biyu da suka wuce wani baƙo ya zo kasuwa da gilashin ƙara girma, yana sayen tsofaffin kuɗi. Ya ce na shekarar farko yake nema, masu tara su a ƙasashen waje suna biya da tsoka. Na ce masa ya ɗaga kai ya dubi arzikinsa a kan sito. Aka yi dariya."

"Su wa ke wurin?"

"Murya nake ji, ba fuska nake gani ba. Rumfar mai shayi ce dai, ta ƙofar sito."

Ɗan kafintan ya ajiye zarto ya matso, ransa a ɓace, don ya riga ya ji ana ambatonsa. Ya ce tsani kam ya ɗauka ranar Lahadi, rumfar tela ya je ya gyara, a je a tambaya. Duƙau ya ce ya nuna masa tsanin. Ya dube shi sau ɗaya ya kawar da kai. Ko an ɗora shi a kan tebur ba zai kai bakin rufin sito ba.

"In kai ne za ka zare ƙusar kwano ba ka so ya lotsa, yaya za ka yi?"

"Sai in sa guntun katako a ƙarƙashin kan hama. Amma ƙusar da ta shekara arba'in a itace ƙara take yi, Baba. Duk layin sai ya ji."

"Sai dai in injin niƙan da ke maƙwabtaka yana aiki."

"In wannan ya tashi, ko harbi aka yi ba a ji."

*

Yana fitowa aka tare shi da sabon labari: an ga ƙusoshin kwano a wajen mai gwangwan, mai tsintar tsofaffin ƙarafa. Kafin ya isa, mutane sun kewaye mutumin, wani har ya riƙe masa wuyan riga. Duƙau ya ratsa su, ya zazzage ƙusoshin a ƙasa. Sun fi ɗari biyu, kowacce ta ɗan lanƙwasa a wuya gefe guda.

"Ina ka samo su?"

"A bola, Baba, bayan sito, jiya da safe. A ƙulle suke cikin leda. Ni abin da aka zubar nake ci."

"Ka san me ke manne da su kafin a zubar?"

"Tsatsa."

Duƙau ya dubi mai riƙe da rigar. "Sake shi. Mutumin da sana'arsa ƙarfe ce, in ya hau rufi kwanon zai sauke, ba zai bar falle goma sha ɗaya ya tsaya tsintar ƙusa ba. Kuma ɓarawo ba ya shanya abin sata a bakin hanya."

*

Da azahar, bayan mutane sun watse, ya karɓi makulli a hannun shugaba ya shiga siton shi kaɗai. Tunda ba a hau ta waje ba, ta ciki aka hau. A kusurwar da ruwa bai taɓa ba, buhunan sun hau kan juna kamar matakala har kusa da katakon rufi. Ya cire takalmi ya hau, gwiwoyinsa na ƙara.

Ƙurar shekaru ce kwance a kan babban katakon, a cikinta kuma ga sawun ƙafa ba takalmi, an je an dawo, an je an dawo. Wasu sawun sabuwar ƙura ta fara rufe su, wasu kamar na jiya. Ya ƙiyasta zuwa biyar ko shida, mafi tsufa bai wuce mako uku ba. Sawun ya ƙare a wata 'yar tagar iska da ke ƙarƙashin ƙololuwa. Mai ƙiba ba zai wuce ta ba. Duƙau ya matse ya fita.

A kan rufin, layukan farko duk an zare ƙusa, an cire kwabo, an mai da ƙusar wurinta da kyau. Wanda ya yi wannan ba ya son rufin ya tashi. A layukan ƙarshe ne aka bar ramuka a buɗe, aikin gaggawa. Ya duƙa har hancinsa ya kusa taɓa kwano. A gefen kowane rami akwai 'yar lotsawa, inda aka dafa wani abu mai nauyi aka yi wa hama matashi. Ba katako ba ne. Katako ba ya barin kusurwa shida.

Ya daɗe zaune a wurin, zafin kwano na cin ƙafarsa. Da safen nan ya ga ƙarafa masu kusurwa shida a jere, ya kuma ji daga bakin mai su cewa ba wanda ke taɓa su. Ya tuna ƙanwarsa, wadda shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu. Ya tuna kuma matar da ta zo da safe, da abin da ya ce mata. Sannan ya sauko, ya aika ofishin 'yan sanda a gaya wa sajan ya zo da maigadi, a kuma kira kowa da la'asar.

*

Aka taru a cikin siton, cikin warin iri. Sajan ya zo da maigadi, matarsa na bayansa. Ɗan kafinta ya riƙo hannun mahaifinsa. Mai gwangwan ya tsaya kusa da ƙofa, inda gudu zai yi sauƙi. Duƙau ya sa aka shigo da falle ɗaya aka shimfiɗa a ƙasa.

"Ba don a ɓata iri aka taɓa rufin nan ba," ya ce, ya ɗaga kwabon. "Don wannan ne. Shi ne hular kowace ƙusa a sama, kuma an sami mai saye. Ta ciki aka hau, ta kan buhunan can, aka fita ta tagar iska, sau biyar ko shida, da rana, lokacin da injin niƙa ke aiki. Maigadi bai taɓa riƙe makullin ciki ba. Ɗan kafinta da mai gwangwan ma haka."

Idanu suka koma kan shugaba. Ya buɗe baki.

"Ranka ya daɗe, kwantar da hankalinka. Tagar nan ko ƙafarka ɗaya ba za ta wuce ba."

Wasu suka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don makulli biyu ne kawai.

Duƙau ya juya. "Ƙanena, kawo akwatinka."

"Yaya, me akwatina ya yi?"

"Kawo shi."

Mai awo ya ciro makulli daga wuyansa, sai da ya gwada sau biyu kafin ya shiga. Duƙau ya ɗauki ƙarfen rabin kilo, ya tsuguna, ya ɗora shi a lotsawar da ke gefen ramin farko. Ya zauna kamar an zuba shi a wurin. Ya matsa rami na biyu, haka. Na uku, haka. Sannan ya miƙa wa sajan, ya nuna masa samansa, inda kan hama ya kankare baƙin fenti har farin ƙarfe ya fito.

"Da bakinka ka ce mini ba mai taɓa su. In akwai wanda ka ara wa, faɗi sunansa yanzu. In kuma kana so, ga sawu can a kan katako, mu hau ka taka."

Mai awo ya zauna a kan sikelinsa, allurar ta yi ta rawa.

"Na yi niyyar mai da su," ya ce a hankali. "Wallahi na yi niyya. Baƙon ya aiko cewa Litinin zai wuce, ba ƙarshen wata ba, sai na yi sauri. Na sayi sababbin ƙusoshi masu hula, suna gida, Laraba zan buga. Ban zaci ruwa zai riga ni ba. Na ɗauka abin da ba mai shi ne, yana can sama rana na cinsa."

"Maigadi fa?" in ji sajan.

"Da rana ma yakan zo ya zauna a inuwar ƙofa. Ba yadda zan yi in yana nan." Ya sunkuyar da kai. "Bai yi barci ba."

Shugaba ya tambaye shi abin da ya samu. Ya ce baƙon ya duba su ɗaya bayan ɗaya da gilashinsa, ya zaɓi tara kacal, ya ce sauran ƙusa ta ci bakin hujinsu, ba su da amfani. Abin da ya biya bai kai kuɗin buhu biyu na iri ba. Sauran suna cikin gwangwani a ƙarƙashin sikeli. Aka jawo gwangwanin, tsohon kafinta ya tura hannu ciki ya motsa su.

"Shekara arba'in suna aiki a sama ba su nemi lada ba," ya ce. "Kai ka sauke su, ko kwana uku ba su yi maka ba."

Hayaniya ta tashi, wasu matasa suka fara matsowa. Duƙau ya miƙe ya tsaya tsakaninsu da surukinsa.

"Da safe kun kama ɗaya ba shi ba ne, da hantsi kun shaƙe wani ba shi ba ne. Wannan shi ne, kuma ga hukuma a tsaye. Wanda ya taɓa shi, sawunsa zan bi."

Suka ja baya. Sajan ya kwance ankwa daga hannun maigadi. Shugaba ya matso yana neman kalmar da zai fara da ita, amma maigadin ba shi yake kallo ba. Ya tura hannu cikin wani fasasshen buhu, ya ɗebo iri, ya murza, ya fasa ƙwaya ɗaya da haƙori.

"Wannan bai mutu ba," ya ce. "Jiƙa ya yi, kuma ƙasa ma a jiƙe take. In ya shiga rami yau da gobe zai fito, har ya riga busasshe. In ya kwana uku a buhu, sai kaji. Ku bar tsayuwa kallona."

Kafin a ce me, an fara jan buhuna waje, ana kiran gida-gida. Sikeli ba mai kula da shi, sai shugaba ya dubi maigadi, maigadi ya dubi shugaba.

"Riƙe mana awon yau, don Allah. Sauran magana ni zan zo har gida in same ka."

Matar maigadi ta durƙusa za ta yi godiya, Duƙau ya ce ta tashi ta je ta karɓi rabonsu kafin ya ƙare.

*

Bai bi ta gidansa ba. Ya san labari ya fi shi sauri, amma ya ɗaga ƙafa ko zai riga shi.

Ya tarar da ƙanwarsa tana kwashe shanya. Ta dube shi, ta dubi bayansa ba ta ga mijinta ba, ta ajiye kwandon. Ya gaya mata komai a tsaye, bai rage ba, bai ƙara ba. Ta saurara har ƙarshe, hannunta riƙe da igiyar shanya.

"Wa ya gano shi?"

"Ni ne."

"A gaban mutane?"

"A gaban mutane aka kama wancan. A gabansu ya kamata a wanke shi."

Ta saki igiyar. Sannan ta shiga ɗaki, ya ji tana buɗe akwati tana rufewa. Ta fito da bargo a naɗe, da maganin hawan jinin mijin, da wata leda mai nauyi da ta miƙa masa. Ya leƙa. Sababbin ƙusoshi ne masu hula.

"Tun Asabar suke ƙarƙashin gado, na tambaye shi ya ce na akurkin kaji ne," ta ce. "Ka kai wa ɗan kafinta, hadari na haɗuwa. Amma ka fara raka ni, Yaya. Ban san hanyar shiga ofishin 'yan sanda ba."

Ya karɓi bargon daga hannunta, ya wuce gaba.